Galahanga: Yadda sinadaran ƙwaƙwalwa da sabo ke tsara hukuncin ido da kunne

Mai tsallaka titi a bakin kasuwar Kantin Kwari da hantsi yakan yanke hukunci da dama kafin ya ɗaga ƙafa: nisan babur ɗin da ke tahowa, saurinsa, da ko hon ɗin da ya ji daga dama ya fito ko daga hagu. Haka ma ɗan kasuwar da aka miƙa wa takardar Naira dubu, da ya shafa ta ya san ko aljihu za ta shiga ko kuwa sai ya ɗaga ta sama ya duba.

Masana ƙwaƙwalwa suna kiran wannan aiki yanke hukunci a kan abin da gaɓɓai suka tsinkayo. Ido da kunne da fata suna aika saƙo, sau da yawa gutsi-gutsi kuma a gurɓace, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta mayar da shi amsa guda: wannan ne ko wancan, a tafi ko a tsaya.

Binciken da aka faro tun shekarun 1980 ya nuna cewa masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suna gudanar da wannan aiki ta hanyar da ta bambanta da ta sauran mutane. A nan ne ake samun bayanin yaron da ke toshe kunne idan aka tayar da janareta, ko wanda ke birkicewa don an sauya masa hanyar makaranta, ko wanda ke hango allurar da ta faɗi a tabarma alhali manya sun gaji da nema.

Mece ce galahanga?

Galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ciki zuwa ƙuruciya. Tana bayyana ta fuska biyu: wahalar cuɗanya da sadarwa da mutane, da kuma maimaita ɗabi'a ɗaya tare da riƙo da tsari ɗaya. Tana da matakai masu faɗi. Akwai wanda ba ya magana kuma yana buƙatar kulawa har tsufa, akwai wanda yake aikin gwamnati ko kasuwanci yana ciyar da iyalinsa.

Likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, shi ne ya bayyana yanayin a 1943 bayan nazarin yara 11. A 1944 Hans Asperger ya wallafa nasa bayanin a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Tun a rahoton Kanner an ambaci yaran da ke firgita da ƙarar wasu kayan gida, amma sai a 2013 ne Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya tsananin ji ko raunin ji na sauti da haske da taɓi a cikin alamomin da ake gane lalurar da su.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga. Ana gano ta a maza fiye da mata, kimanin ninki uku zuwa huɗu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Yadda ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci

Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai dai shi kansa ganin ba hoto ba ne da ido ke ɗauka ya ajiye. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana tun a ƙarni na 19 cewa gani hasashe ne da ƙwaƙwalwa ke yi ba da sanin mai ita ba. Tana haɗa abu biyu: hujjar da gaɓɓai suka kawo yanzu, da tsammanin da sabo ya gina mata.

Rubutun Hausa na yau da kullum misali ne a fili. Kalmar "gari" a takarda ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma wanda ya karanta "ta tankaɗe gari" ba zai kawo birni a ransa ba, kamar yadda wanda ya karanta "ya kwana a gari" ba zai tuna da tuwo ba. Ido ya ga haruffa huɗu iri ɗaya, sabo ne ya raba gardama. Idan hujjar ta yi rauni, tsammani ya fi tasiri. Shi ya sa aka ce wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A ɗakin gwaji ana auna wannan da wata jarrabawa mai sauƙi. Ana nuna wa mutum ɗigo-ɗigo masu yawa a allon kwamfuta, mafi yawansu suna yawo barkatai, kaɗan daga cikinsu suna tafiya gefe ɗaya, a tambaye shi: dama suka nufa ko hagu? Tun ƙarshen shekarun 1980 William Newsome da abokan aikinsa a Amurka suka yi amfani da jarrabawar a kan birai. Daga baya shi da Michael Shadlen suka gano wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aikinsu ke ƙaruwa sannu a hankali yayin da birin ke kallo, har ya kai wani mataki, sannan birin ya ba da amsa.

Wannan ya dace da lissafin da Roger Ratcliff ya fitar a 1978, wanda za a iya kwatanta shi da awo a kasuwar hatsi. Hujja ita ce hatsin, ƙwaƙwalwa tana zuba shi a mudu, sai mudun ya cika take yanke hukunci. Abu uku ne ke sa amsa ta yi sauri ko jinkiri: yawan hatsin da ke zuba a kowace daƙiƙa, wato ingancin hujjar, girman mudun, wato yawan hujjar da mutum ke nema kafin ya gamsu, da kuma hatsin da ke cikin mudun tun kafin a fara awo, wato tsammani. Mai ƙaramin mudu yana da sauri amma yana yawan kuskure. Mai babban mudu yana jinkiri amma kuskurensa kaɗan ne. Amfanin wannan lissafi shi ne yana bambance wanda bai gani da kyau ba da wanda ya gani sarai amma bai yarda ya yi gaggawa ba.

Abin da aka gano a wajen masu galahanga

Abu na farko da ya ba masana mamaki shi ne fifiko. A 1983 Amitta Shah da Uta Frith a Landan suka nuna cewa yara masu galahanga sun fi takwarorinsu saurin gano ƙaramin zane da aka ɓoye a cikin babban hoto. Masu bincike a Jami'ar Kambirij sun sake samun irin wannan a 1998 da 2001, a jarrabawar neman harafi guda a cikin tarin haruffa masu kama da shi. An kuma samu wasu daga cikinsu da kunnen da ke rarrabe ƙaramin bambanci tsakanin sauti biyu fiye da na sauran mutane.

Frith ta fassara wannan a 1989 da cewa hankalinsu ya fi karkata ga ɓangarori fiye da haɗa su su zama abu guda mai ma'ana. Laurent Mottron na birnin Montreal a Kanada ya kalli lamarin ta wata fuska, ya ce matakin farko na gani da ji ne ke aiki da ƙarfi a wajensu. Mai sayar da atamfa zai gane abin da ake nufi: wani mai saye yana kallon kyan zanen gaba ɗaya, wani kuwa idonsa ba ya wuce zaren da ya tsinke a gefe.

A jarrabawar ɗigo masu motsi sakamakon ya sha bamban. Nazarce-nazarce na farkon shekarun 2000 a Birtaniya sun nuna cewa yara masu galahanga suna buƙatar ɗigo da yawa su tafi gefe ɗaya kafin su gane inda suka nufa. A 2012 Caroline Robertson da abokan aikinta suka nuna cewa tazarar tana bayyana ne idan an taƙaita lokacin kallo, da an tsawaita shi sai ta gushe. A 2015 kuma Catherine Manning ta gano cewa idan aka sauya tambayar zuwa gano matsakaiciyar alƙiblar ɗigon da kowanne ya ɗan karkace, yara masu galahanga sun fi takwarorinsu iya haɗa bayanai masu yawa.

Dangane da girman mudu, wani nazari na Jami'ar Sheffield a 2017 ya gwada manya a kan karkatar layuka. Masu galahanga sun fi jinkirin amsa, amma lissafin ya nuna ingancin ganinsu bai gaza ba, hujja mai yawa suke nema kafin su yanke hukunci. Wani nazarin da Manning ta jagoranta a kan yara a 2022 bai samu bambanci bayyananne ba. Wannan saɓani ya yawaita a fagen, domin mahalarta ba su cika yawa ba, kuma masu galahanga sun bambanta da juna ƙwarai.

Akwai kuma batun haɗa ji da gani. Idan mutum yana magana, ƙwaƙwalwar mai sauraro tana haɗa motsin leɓe da sautin da ya zo kusa da shi a lokaci. A 2014 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka nuna cewa a wajen yara masu galahanga wannan tagar lokaci ta fi faɗi, har sukan ɗauki sauti da hoton da suka ɗan yi nisa da juna a matsayin abu ɗaya. Irin waɗannan yaran ne kuma suka fi raunin haɗa motsin baki da magana. A wurin biki ko aji mai yara da yawa, inda muryoyi ke karo da juna, fahimtar mai magana takan zame musu aiki ja.

Tsammani da nauyin da ake ba shi

A 2012 Elizabeth Pellicano da David Burr suka kawo bayanin da ya tattara da yawa daga cikin waɗannan sakamako. A ganinsu, tsammanin da sabo ke ginawa ba shi da nauyi sosai a ƙwaƙwalwar mai galahanga, don haka hujjar gaɓɓai ke rinjaye. Wannan yana ba da gani mai kaifi, amma yana da tsada. Sabo ne ke sa mazaunin bakin titi ya daina jin ƙarar motoci, ko wanda ya sa riga ya manta da gogar ɗinkin a wuyansa. Wanda sabo bai tace masa ba, kowace ƙara sabuwa ce, kowane taɓi yana neman hankalinsa.

A 2014 masana a Jami'ar Leuven ta Beljiyam da wasu a Landan suka gyara bayanin. Suka ce tsammanin yana nan, matsalar tana wajen nauyin da ake ba saɓani tsakanin abin da aka zata da abin da ya faru. Ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana watsar da ƙananan saɓani, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya sauya farashi don mutum ɗaya ya taya ƙasa. Idan kuwa ƙwaƙwalwa ta ɗauki kowane ƙaramin saɓani a matsayin babban labari, duniya za ta zame mata wuri marar tabbas. Ta wannan fuska, nacewa a kan kofi ɗaya da hanya ɗaya da lokaci ɗaya dabara ce ta rage abubuwan ba-zata.

Rebecca Lawson da abokan aikinta sun gwada wannan a Landan, suka wallafa sakamakon a 2017. Mahalarta suna jin sauti, mai kauri ko siriri, sannan a nuna musu hoton fuska ko na gida. Wani lokaci sautin yana nuna abin da zai biyo baya, wani lokaci a juya ƙa'idar ba tare da sanarwa ba. Sauran mutane sukan yi jinkiri idan hoton da ba su zata ba ya fito. Manya masu galahanga ba su nuna wannan mamakin sosai ba, kuma lissafi ya nuna sun ɗauka ƙa'idar tana sauyawa fiye da yadda take yi a zahiri. Wanda ya ɗauka komai na iya juyawa kowane lokaci ba ya dogara da tsammani.

Wani nazari daga Jami'ar Hebrew ta birnin Ƙudus a 2019 ya ƙara wani ɓangare. Idan ana kwatanta sauti biyu sau da yawa a jere, sautukan da suka gabata suna jan hukuncin mutum. An gano cewa masu galahanga suna dogara da tsofaffin sautukan kamar kowa, amma na baya-bayan nan ba sa tasiri a kansu sosai. Wato suna sabunta tsammaninsu a hankali.

Wannan hali yana da ribarsa. Masu bincike a Kambirij sun nuna a 2017 cewa idan aka ajiye haja ta uku mai rauni kusa da wasu biyu domin a kambama ɗaya daga cikinsu, dabarar da 'yan talla suka sani, masu galahanga ba su cika sauya zaɓinsu ba kamar sauran mutane.

Totur da birki a cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna magana da juna ta hanyar sinadarai. Biyu daga ciki su ne ginshiƙi. Gulutamet yana zuga ƙwaya ta aika saƙo, kamar totur. GABA yana tsayar da ita, kamar birki. Ƙwayoyin da ke fitar da GABA kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙwayoyin saman ƙwaƙwalwa, amma su ne ke tsara zirga-zirgar sauran.

Birkin nan yana da hannu kai tsaye a yanke hukunci. Idan ƙwayoyin da ke cewa "dama" suka fara rinjaye, ta hanyar GABA suke danne masu cewa "hagu", har amsa guda ta tsaya. Shi ne kuma ke rage ƙarfin saƙon da ya yi yawa, ya dushe abin da ke gefe domin abin da ake kallo ya fito.

A 2003 John Rubenstein da Michael Merzenich na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka gabatar da ra'ayin cewa a wasu nau'o'in galahanga totur ya rinjayi birki. Daga cikin hujjojinsu akwai yawan farfaɗiya a tsakanin masu lalurar, wanda ya zarce na sauran jama'a nesa ba kusa ba, musamman ga waɗanda ke da raunin koyo. Farfaɗiya kuwa zugar ƙwayoyi ce da ta ƙwace daga birki. Nazarin ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu ya nuna ƙarancin abubuwan da ke sarrafa GABA a wasu sassa, da ƙarancin wani nau'in ƙwayoyin birki a gaban ƙwaƙwalwa.

Gwajin da ya haɗa sinadarin da gani kai tsaye shi ne na Robertson da Nancy Kanwisher, wanda aka wallafa a 2016. Idan aka nuna wa ido ɗaya wani hoto, ɗayan kuma wani daban, ƙwaƙwalwa ba ta cakuɗa su na dogon lokaci. Takan ga ɗaya na 'yan daƙiƙu ta danne ɗayan, sannan su yi musaya. A wajen masu galahanga musayar ta fi jinkiri, kuma sun fi daɗewa suna ganin hotunan a cakuɗe. Da aka auna GABA a sashen gani da na'urar MRI, sai aka ga yawansa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Bambancin shi ne, a wajen sauran mutane yawan GABA yana tafiya tare da ƙarfin danne hoto, a wajen masu galahanga kuwa wannan alaƙar ba ta bayyana ba. Birkin yana nan, kamunsa ne ya bambanta.

A ɓangaren taɓi, masu bincike a Johns Hopkins sun samu ƙarancin GABA a sashen da ke karɓar saƙon fata a wajen yara masu galahanga a 2017, kuma ƙarancin ya yi daidai da yadda suke tsinkayar girgiza a yatsa. A gefe guda, wani nazari na Landan da Stockholm a 2018 ya auna wuraren da GABA ke sauka a ƙwayoyin manya masu galahanga bai samu ragi ba. Saboda haka masana a yau suna ɗaukar lamarin a matsayin rashin daidaito da ke bambanta daga sashe zuwa sashe, daga shekaru zuwa shekaru, daga mutum zuwa mutum.

Wani sakamako da ya dace da wannan shi ne na Ilan Dinstein a 2012. An maimaita wa mahalarta hoto ɗaya da sauti ɗaya da taɓi ɗaya sau da yawa. Matsakaicin martanin ƙwaƙwalwa bai bambanta ba, amma a wajen masu galahanga martanin yana hawa da sauka sosai daga karo zuwa karo. Wanda ma'auninsa ke ba da awo daban-daban ga buhu ɗaya, dole ya yi ta maimaita awo kafin ya yarda.

Sinadaran da ke saita hankali

Bayan totur da birki akwai sinadaran da aikinsu shi ne saita nauyin da ake ba saƙo. Noradirenalin yana fitowa daga wani ɗan ƙaramin wuri a gindin ƙwaƙwalwa, kuma yana ƙaruwa idan abin ba-zata ya faru. A 2005 Angela Yu da Peter Dayan suka bayyana shi a matsayin alamar cewa ƙa'ida ta sauya, a saki tsohon tsammani a koma ga hujja. Buɗewar baƙin ido tana bin aikin wannan sinadari, kuma a gwajin Lawson na 2017 idanun masu galahanga sun fi buɗewa a daidai lokacin da lissafi ya nuna suna zaton ƙa'idar ta juya.

Serotonin shi ne sinadarin da aka fara alaƙantawa da galahanga, tun a 1961. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu lalurar suna da shi da yawa a jininsu. Yana da hannu wajen shimfiɗa hanyoyin ji da taɓi a ƙwaƙwalwar jariri. Duk da haka ba a amfani da shi, ko wani gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, wajen gano galahanga. Likita yana gano ta ne ta hanyar lura da ɗabi'a da sauraron tarihin yaro daga iyayensa.

Daga ina bambancin ya samo asali?

Mafi yawansa gado ne. Wani nazari a kan mutum kimanin miliyan biyu a ƙasashe biyar, da aka wallafa a 2019, ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. A 2020 wata babbar tawaga ta lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da lalurar. Da yawansu suna aiki ne a mahaɗar da ƙwayoyin jijiya ke miƙa wa juna sinadari, ko wajen kunna wasu ƙwayoyin gadon yayin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Haihuwar bakwaini, tsufan iyaye, da shan maganin farfaɗiya na balfuroyet a lokacin goyon ciki suna ƙara yiwuwar samun ta.

Bambancin bai tsaya a kai kaɗai ba. A 2016 Lauren Orefice da David Ginty na Jami'ar Harvard suka sauya wasu ƙwayoyin gado a jijiyoyin taɓi na jikin ɓeraye, suka bar ƙwaƙwalwarsu yadda take. Ɓerayen suka tashi da tsananin jin taɓi, kuma waɗanda aka yi wa sauyin tun suna ƙanana suka nuna fargaba da ƙaurace wa 'yan uwansu.

Rigakafi ba ya jawo galahanga. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan zargi a Birtaniya, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Manyan nazarce-nazarce a kan dubban ɗaruruwan yara ba su samu alaƙa ba. Haka nan tarbiyyar uwa ba ita ce sanadi ba, ko da yake an daɗe ana ɗora wa iyaye mata wannan laifi a Turai da Amurka.

Me ya sa ba a samu magani daga wannan ilimi ba?

An gwada. Maganin bumetanid, wanda ke shafar yadda GABA ke aiki, ya ba da fata a ƙananan gwaje-gwaje a Faransa, amma aka dakatar da manyan gwaje-gwajensa a 2021 saboda bai nuna amfani ba. Arbakulofen, mai kwaikwayon GABA, bai cim ma babban burin gwajinsa na farko a Amurka ba, ko da yake wani nazari a Landan a 2022 ya nuna yana sauya yadda sashen gani na manya masu galahanga ke amsa hoto. Oksitosin na shaƙawa ta hanci ma bai inganta cuɗanyar yara ba a wani babban gwaji na 2021.

Magungunan da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, risferidon a 2006 da arififirazol a 2009, na rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai, kuma suna da illoli kamar ƙiba da kasala. Likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su. Duk mai tallan ƙwaya ko jiƙo da sunan warkar da galahanga yana sayar da abin da babu gwajin da ya tabbatar.

Abin da wannan ke nufi a gida da makaranta da ofis

A ƙasar Hausa akan danganta irin waɗannan yara da iska ko sammu, ko a ce taurin kai ne, har a kai ga duka ko kullewa a ɗaki. Sakamakon binciken yana nuna wata hanya. Wanda ke buƙatar hujja mai yawa kafin ya amsa, lokaci yake nema: a yi masa tambaya ɗaya a gajeriyar jimla, a dakata, kada a maimaita ta da tsawa, domin tsawa ƙarin hayaniya ce a kan abin da yake ƙoƙarin tantancewa. Wanda ba-zata ke ɗaga wa hankali, a sanar da shi sauyi tun da wuri, da hoto ko jadawali idan magana ba ta isa. Wanda sauti da haske ke yi wa yawa, a nisanta shi daga janareta da lasifika, a sama masa wuri mai shiru da zai koma idan abin ya cika masa. A ofis, umarni a rubuce da tebur nesa da ƙofa sukan wadatar, kuma idon da ba ya tsallake ƙaramin kuskure yana da daraja a aikin lissafi da duba takardu.

Yaron da ya cika shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya koya, ya kamata a kai shi wajen likitan yara, a fara da gwajin ji. Ƙwararre yana iya gano galahanga tun yaro yana shekara 2, kuma horon magana da na sadarwa sun fi amfani idan an fara da wuri. Asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, suna daga cikin wuraren da ake samun likitocin wannan fanni a Arewa.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta nuna musu bambanci, ta tanadi 'yancinsu na ilimi, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020, inda iyaye da ma'aikata za su iya kai koke idan an hana yaro makaranta ko an tauye wa ma'aikaci haƙƙinsa saboda lalurarsa.